Wutsiyar Ƙoramar Hannu

Duk wanda ya zauna Jimeta kafin a sauke tutar Turawa ya san Ƙoramar Hannu, ko da bai taɓa jiƙa ƙafarsa a cikinta ba. Ba ruwan sama ne ya tsaga ta ba, mutane ne suka haƙa ta da diga da kwanon sarki, daga nan ta samo sunanta. Wani kamfanin sayen gyaɗa da ƙaro ne ya so kwale-kwale su riƙa ɗebo masa kaya daga ƙauyukan fadama su kawo bakin rumfunansa, inda manyan jirage ke lodi idan Binuwai ya cika. Aka tattaro ƙarti, wasu da lallami, mafi yawa da tilas. A cikinsu akwai wani ɗan dako daga ƙasar Kano wanda fatauci ya kawo unguwar Limawa ya yar. Abin da ya tsira da shi daga aikin shi ne ciwon baya, da wani ɗan fili can ƙarshen ƙoramar wanda ko kyauta ba mai so. Wannan mutum shi ne uban Nata'ala.

Ƙoramar tana ɗaukar ruwanta daga kogi, ƙasa kaɗan da rumfunan kamfani. Nan ake kira Baki. Daga nan ta miƙa ta bayan bukkokin masunta, ta yi kwana a gindin wata tsamiya, ta ratsa ƙarƙashin gadar itacen giginya, ta shiga fadama tana lanƙwasa, har ta je ta zube a wani tafki ta ɓangaren Yola. Wannan ƙarshen shi ne Wutsiya. A nan aka haifi Nata'ala, a nan ya koyi tuƙi da gora, kuma samartakarsa duk a kan buhunan gyaɗa ta ƙare, yana tura kwale-kwale tsakanin Wutsiya da Baki.

Motoci suka zo suka kwashe lodi. Wajen shekarar samun 'yancin kai kamfani ya ja ƙofar rumfunansa ya yi gaba, ƙoramar ta zama marainiya. Duk ofishin da aka je da maganarta sai a ce ba a nan take ba. Da farko ana cewa sai Kaduna, da aka yi Jihar Arewa maso Gabas aka koma cewa sai Maiduguri. Amma ba ta mutu ba, domin masu lambu sun riga sun jeru a gefenta tun daga Baki har Wutsiya, kowa da jigonsa yana ɗaga ruwa. Albasa, tumatir, gauta, alayyafo, rabin miyar Jimeta da rani daga nan take fitowa.

Abokin gabarta ɗaya ne, yashi. Kowace damina kogi zai cika ya shigo, in ya tashi komawa sai ya bar tulin yashi a toshe a Baki, ya kuma bar wasu tsibi-tsibi a hanya. Saboda haka kowace kaka, da an gama girbi, ana yin gayyar yashe, a kwashe yashin don ruwan kogi ya ci gaba da shigowa har cikin rani. Gayyar kuwa tana da doka guda wadda ba ta da sassauci: daga Wutsiya ake farawa. Mutanen Baki da na tsamiya da na gada duk sai sun taka sun je can ƙarshe, a riƙa haƙowa ana hawowa, a busasshiyar ƙasa, toshiyar Baki ita ce ta ƙarshe da za a fasa. Tsofaffin da suka kafa wannan doka ba malamai ba ne, amma sun san ɗan Adam ciki da bai. Sun san muddin mutumin Baki bai ga ruwa a lambunsa ba, zai haƙa wa na Wutsiya kamar ɗan uwansa na jini.

Nata'ala ne sarkin yashe. Sarauta ce ba rawani ba albashi, sai baƙin jini. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ga murya kamar ta mai shelar kasuwa. In gayya ta zo ba ya jin ciwon kan kowa, ba ya jin suna ko biki. Ya taɓa zuwa har gida ya fito da wani ango daga ɗaki ya danƙa masa shebur, aka daɗe ana ba da labarin ana dariya. Ana zaginsa a bayan ido, amma shekara da shekaru ruwa bai taɓa fasa isa tafki ba, kuma wannan kaɗai ne abin alfaharinsa a duniya. Filin nan da uba ya bar masa ya mayar da shi lambu mai gwaiba da lemo. Shinge ɗaya ya raba shi da Zadok, tsohon masinja daga kudancin Adamawa, wanda ya ajiye aiki ya kama noman rani shi da matarsa Keturah. Jigo ɗaya suke amfani da shi. In ɗaya ya tafi masallaci ko ɗaya ya tafi coci, na gida ne ke shayar da fangulan duka biyu, ba tare da an roƙe shi ba.

'Ya ɗaya Allah ya bar wa Nata'ala da matarsa Hansai, sunanta Zinariya. Ita ta kawo Jalo da kanta a matsayin mijin aure, wani saurayi mai lambun albasa a Baki, mai ladabi da sanyin murya. Nata'ala ya so yaron, don a gayya ba ya laɓewa bayan kowa.

Sai shekarar farin nan ta zo, wadda shanu suka riƙa zubewa a hanya, baƙi daga arewa suka cika tashar mota. Damina ta yi rowa. Kogi ya ɗan taso kamar an yi masa dole, ya fara komawa tun kafin a yanke dawa. Nata'ala ya kira gayya da wuri. Aka taru a gindin tsamiya kamar kullum, kowa da shebur da kwando, za a ɗunguma Wutsiya. Nan Jalo ya durƙusa.

"Baba, a yi mini afuwa in ce wani abu."

"Ina jin ka."

"Kogi gudu yake yi. Kullum na leƙa da safe sai in ga ya ja baya. In muka ce sai mun faro daga Wutsiya, kafin mu iso ruwa ya sauka ƙasa da ƙofar ƙorama, kowa ya tashi a tutar babu. Bana kaɗai, mu fasa Baki, ruwa ya shigo, mu kuma mu riƙa buɗe masa hanya har tafki."

Mutanen Baki suka yi ta gyaɗa kai. Zadok ya kafa sheburinsa a ƙasa ya jingina da shi.

"Ni ban yarda ba," in ji shi. "Mutum in albasansa ya sha ruwa, ƙafansa ba zai zo gayya ba kuma. Malam Nata'ala, kai ka sani, kai ne ka koya mana."

"Bappa Zadok, wallahi ba wanda zai ajiye shebur sai ruwa ya taɓa tafki," in ji Jalo. Ya juya ga 'yan uwansa, su ma suka rantse, wasu har da dafa ƙirji.

Nata'ala ya bar su nan ya taka zuwa Baki ya duba kogin da idonsa. Yaron bai yi ƙarya ba, ruwan ya yi ƙasa, ga layin laka a jikin gaɓa yana nuna inda yake jiya. Akwai kuma abin da babu wanda ya sani a gindin tsamiya. Kwana biyu kafin nan Zinariya ta zo gida da tsohon ciki, ba ta ce da shi uffan ba, amma Hansai ta faɗa masa irin albasar Jalo ya fara rawaya, kuma shi ke nan abin da suke da shi. Har ƙarshen ransa Nata'ala bai iya rabe wanne ya fi nauyi a zuciyarsa ran nan ba, kogin ko 'yar. Ya dawo ya ce a fasa Baki.

Da aka fasa, ruwa ya shigo da ƙarfinsa, ja wur, yana tura kumfa a gaba. Ya wuce bukkokin masunta, ya yi kwanar tsamiya, ya shiga ƙarƙashin gada, ya je ya daki tulin yashin farko a fadama ya tsaya. Aka yi murna, aka ce gobe da sassafe a haɗu a gada.

Washegari rabin mutanen Baki ne suka zo. Jibi, 'yan tsiraru. Kuma abin haushin shi ne ba wanda ya yi ƙarya a uzurinsa. Irin da ya kusa mutuwa ya samu ruwa, dole a dasa shi yanzu ko a rasa shi. Wanda ya dasa dole ya shayar. Kowa cewa yake gobe in sha Allahu, kuma lokacin da yake faɗa har zuciyarsa yake nufi. Mutanen Wutsiya da ba su taka kara sun karya ba suka rage su kaɗai a fadama. Haƙa a busasshen yashi daban, haƙa da ruwa a gindinka daban. Duk abin da suka kwashe sai gefe ya zabtaro ya mayar. Sun yi ta fama cikin taɓo har gwiwa, kogi kuma yana ta raguwa, ruwan da ke biye da su yana sirancewa, har ya zama ba ya wuce tsakiyar fadama, nan yashi ke shanye shi.

Nata'ala ya bi gida gida da muryar nan tasa. A da in ya yi tsawa mutum yana rawar jiki, don ruwan kowa a hannunsa yake. Yanzu ruwa ya riga ya shigo, tsawar ta zama iska. Ana ba shi tabarma, a kawo masa ruwan sha, a ba shi haƙuri. Gidan Jalo sai da ya yi zarya kafin ya same shi, a lambu, tsugune cikin fangali.

"Ina rantsuwarka?"

Jalo bai ɗago ba. "Baba, dashe ba ya jira. In na gama wannan layin ina zuwa."

Layin bai ƙare ba sai da rani ya raba.

Tafki ya ƙafe tun kafin zafi ya kankama, ƙasansa ya tsattsage. Alayyafo ya fara tafiya, tumatir ya bi shi. Nata'ala da Hansai suka riƙa ɗauko ruwa a garwa daga tsakiyar fadama don su ceci itatuwa, lemo ya ƙi, gwaiba uku suka tsira da kyar. A kasuwa kuwa albasar Baki ta yi tsada ba a taɓa gani ba, saboda fari. Jalo ya sayi keke, ya yi wa ɗakinsa rufin kwano.

Mutanen Wutsiya ba su tsaya binciken zurfin kogi ba. Magana ɗaya suka riƙe, Nata'ala ya sayar da su saboda surukinsa. Wanda ya fi ƙona masa rai Zadok ne, don shi bai yi zagi ba. Ranar da yake kwance jigonsu, Nata'ala ya zo zai kama masa.

"Bari, zan iya," in ji Zadok. "Na samu gadi a Demsawo. Matana ya riga ya tafi da kaya."

"Ka ga kogin da idonka, Zadok. Da mun faro daga nan, da kowa ya rasa."

"Wataƙila. Amma da mun rasa tare, da baɗi mun haƙa tare." Ya saɓa itacen jigon a kafaɗa. "Yanzu su sun san ba sa bukatanmu. Kai ka nuna musu."

Haka kuwa aka yi. Da kaka ta zagayo, damina ta ɗan yi dama, Nata'ala ya kira gayya a Wutsiya bisa doka. Mutanen Baki suka aiko cewa su za su yashe nasu daga kogi zuwa gada, na ƙasa su yashe nasu, kowa ya ji da rabonsa, ai haka ya fi adalci. Adalci. Su da ke da guntun zango da ɗimbin hannaye, na ƙasa kuma ga fadama gaba ɗaya ga mutum bai fi a ƙirga da yatsu ba. Na Wutsiya da suka rage suka ce ba za su ƙara bin kiran wanda ya ci amanarsu ba. Ran gayya Nata'ala shi kaɗai ya tsaya a bakin tafki da sheburinsa.

Daga nan ƙasan ƙoramar ya fara lalacewa kamar gidan da ba kowa. Masu yin tubali suka riƙa yankar gaɓarta. Aka mayar da wani sashe juji. Makiyaya suka yi burtali ta ciki. Shi kuwa bai daina ba. Kowace kaka yana fitowa ya faro daga tafki, shi kaɗai, ya haƙa iya ƙarfinsa, yara na wucewa suna yi masa dariya. Da rani ya koma ga-ruwa, yana saɓa garwa biyu yana sayarwa a Limawa. Abin da ke riƙe da shi lissafi ne guda. Ƙarƙashin gada a buɗe yake. In Allah ya kawo shekarar babbar cika, ruwa zai tunkuɗo da ƙarfi ya share tsibin yashin da ke tsakiyar fadama, ya haɗu da inda ya haƙa, ya faɗa tafki. In ruwa ya dawo, mutane za su dawo. Kullum haka yake faɗa wa Hansai, ita kuma ta daina amsa masa.

Mutanen Baki su ma suna nasu lissafin. Ruwan da ke wuce gada asara ne, yashi yake sha, yana kuma rage musu zurfi da rani. Suka yanke shawarar datse ƙoramar a gada. Suka tara ƙasa suka yi datsi, ya ɓalle. Suka sake, ya sake ɓallewa, ya tafi da ruwan da suka tara, jigo ya riƙa ɗebo taɓo. Datse ruwa mai tafiya ba tara ƙasa ba ne, kuma a duk Jimeta mutum ɗaya ya rage wanda ya iya shi.

Jalo bai zo ba. Zinariya ce ta zo da la'asar, da goyo a baya da wani a hannu. Ta gaishe su, ta zauna a bakin ƙofa tana wasa da gefen zanenta.

"Baba, datsin ya sake tafiya."

"Na ji."

"Shi ya ji nauyin zuwa. Albasar ta fara kwanciya. In aka ƙara mako a haka, shi ke nan."

Hansai ta ajiye muciya. "Zinariya, ba ki ji kunya ba? Sun kashe masa lambu, sun raba shi da mutane, yanzu kuma shi zai je ya toshe da hannunsa? Tashi ki ba ni wuri."

Zinariya ba ta tashi ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta dubi ubanta kawai. Nata'ala ya dubi yaron da ke hannunta, ga siraran ƙafafu, yana tsotsar yatsa. Ya tsani Jalo, ya tsani mutanen Baki, ya tsani kansa fiye da su duka, don ya san tun kafin ta rufe baki cewa zai je.

Da safe ya je. Mutanen Baki sun cika gada, ba wanda ya makara, ba mai ciwon kai. Gayyar da ya yi shekaru yana nema ga ta nan a gabansa, kowa yana jiran umarninsa. Ya sa aka saro turaku aka kafa layi biyu. Ya sa aka jingina zana a jikinsu. Ya hana a zuba yashi, ya aika aka ɗebo baƙin yumɓu daga fadama, aka cuɗa da ciyawa, ana zubawa kaɗan kaɗan ana takawa da ƙafa. Shi da kansa ya shiga tsakiya yana takawa, tsoho da shi, yana yi wa samari tsawa in sun yi ha'inci. Ya san sarai inda zai bar ɗan rauni a gindin turke, wanda ba mai ganewa, wanda zai riƙe ruwan rani amma ya sallama in babbar cika ta zo. Ya tsaya a wurin, ƙafarsa a kai. Sai ya tuna in ya ɓalle da damina zai tafi da gaɓar lambunan da ke kusa, na Jalo a ciki. Ya ce a ƙaro yumɓu, ya take wurin har ya fi ko'ina tauri.

Jalo ya zo ya durƙusa. "Use, Baba, na gode. Allah ya saka."

Nata'ala ya wanke ƙafarsa ta ɓangaren ruwa, ya haura, ya sauka ta ɓangaren busasshe, ya bi cikin ƙoramar da ƙafa har gida. Hansai ba ta tambaye shi komai ba sai da ya gama cin tuwo.

"Zai riƙe?"

"Zai riƙe."

Damina biyu bayan nan, babbar cikar da ya daɗe yana jira ta zo. Kogi ya hau har dandamalin tsofaffin rumfunan kamfani, ya cinye bukkokin masunta, ya kai wa tsamiya gindi. Nata'ala ya ji labari ya ajiye garwa ya taho ta cikin fadama, yana bin haƙarsa ta shekara da shekaru, wadda ke buɗe tana jira. Ya iso gada ya tarar da ruwa ya cika fal, yana lasar leɓen datsi, yana neman hanya. Ruwan da zai share fadama ya cika tafki har ya yi ambaliya.

Mutanen Baki na tsaye a kan gada suna kallo. Da suka hango shi suka yi ta ɗaga masa hannu, wani dattijo yana cewa aikin Nata'ala aiki ne, ko ɗigo bai wuce ba. Shi yana ƙasa, a busasshen ɓangare. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin yumɓun ya ji sanyin ruwan da ke bayansa. Ya daɗe a haka. Daga wannan kaka bai ƙara fita da shebur ba.